Ƙanƙara Mai Ƙuna: Metamfetamin a Bakin Ƙofarmu



Duk wanda ya taɓa kwana a Adakpamé ya san cewa unguwar nan ba ta yin barci gaba ɗaya. Tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda aka buɗe tun 1968, ga ta nan kusa da mu tana aiki dare da rana. Manyan motoci suna jere suna jiran lodin Wagadugu da Yamai, kuma tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan Nijar masu yawa suka koma bi ta nan, jiran direbobi da yaran mota ya ƙara tsawo. 'Yan zemijan suna kai da kawowa har asuba, 'yan dako kuwa ba su da lokacin tashi sai kaya sun ƙare. A irin wannan wuri, idan uwa ta ga ɗanta ya kwana biyu yana nema bai runtsa ba, abin da zai fara zo mata a rai shi ne yaro ya yi hankali, ya san ciwon kansa.

Haka wata Hajiya, maƙwabciyar ɗaya daga cikinmu, ta ɗauka. Ta yarda mu ba da labarinta bisa sharaɗin mu sakaya sunanta da na ɗanta. Yaron, mai shekara 22, ya karɓi babur a hannun wani mai kuɗi bisa yarjejeniyar zai riƙa biya kowace rana har ya mallake shi. Da farko biyan yana yi masa nauyi, wata rana ma sai Hajiya ta cika masa daga cinikin kokonta. Ana nan sai ta ga ya sake. Yana fita bayan magariba, ya dawo da hantsi, ya sha ruwa ya sake fita. Ya daina neman ciko. Ko an ɗora masa tuwo sai ya ce ya ƙoshi. Abin da ya fi faranta mata rai ma shi ne, yaron da a da sai an yi da gaske kafin a tashe shi sallar asuba, yanzu ladan yana kira yana zaune idonsa biyu. Ta ce har sadaka ta yi don godiya.

Bayan 'yan watanni sai ta lura cewa idan ya yi kwana uku a tsaye, ranar ta huɗu yakan faɗi kamar gawa, ya yi wuni da kwana yana barci, salloli su wuce shi, wanda ya tashe shi kuwa ya sha zagi. Wando ya fara zame masa. Ya toshe tagar ɗakinsa da kwali, ya ce maƙwabta suna leƙensa. Wani dare ya tsare ta a tsakar gida, ya ce: “Mma, ki gaya mini gaskiya, nawa suka ba ki ki riƙa kai musu labarina?” Ta ce: “Su wa, ɗan nan?” Sai ya nuna rufin kwano, ya ce ga su can yana jin maganarsu. A wannan daren ne Hajiya ta gane cewa abin da ta yi wa sadaka ba himma ba ce.

Abin da yaron yake sha shi ne metamfetamin. Masu jin Faransanci suna ce masa kiristal, a Nijeriya matasa suna ce masa ais, Hausawa suka mayar da shi ƙanƙara, Inyamurai kuwa suka raɗa masa mkpuru mmiri, wato ƙwayar ruwa. Duk sunayen daga kamarsa aka samo su, domin idan ka gan shi sai ka rantse gutsattsarin ƙanƙara ne, ko alawar sukari, ko gishiri mai manyan ƙwayoyi. Ba shi da warin da zai tona asiri kamar wiwi, ba ya sa tangaɗi kamar giya, ba ya sa gyangyaɗi kamar kodin. Galibi ƙona shi ake yi a cikin 'yar kwalba ko a kan takardar alminiyom a zuƙi hayaƙin, wasu su shaƙa ta hanci, wasu su haɗiya, wasu su narka su yi allura.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya don kada mu tsorata kowa a banza: a Togo har yanzu wiwi da tiramol su ne suka fi cin matasanmu. To amma ƙanƙara ta kan wannan hanyar take biyowa. Yaron da ya saba haɗiyar tiramol da safe don ya iya wuni a kan babur ya riga ya yarda a ransa cewa ƙarfin aiki abin saye ne. Ranar da wani ya ce masa ga wanda ya fi tiramol ƙarfi, ba sai an sha wahalar lallashinsa ba.

Daga ina ta fito?

Ba yau aka fara ruɗin mutane da ita da sunan aiki ba. Wani masanin haɗa magunguna na Japan, Nagai Nagayoshi, shi ya fara haɗa ta a 1893 daga efedirin, sinadarin da ake samu a wani tsiro da mutanen Sin suka daɗe suna maganin tari da asma da shi. A 1919 wani ɗan ƙasarsu, Akira Ogata, ya mayar da ita ƙwayoyi masu kama da ƙanƙara. A 1938 kamfanin Temmler na Jamus ya fara sayar da ita a kantunan magani da sunan Pervitin, kuma a 1940, shekarar da sojojin Hitila suka mamaye Faransa, an raba musu ƙwaya kusan miliyan 35 cikin 'yan watanni don su yi tafiyar kwanaki ba barci. A Japan kuwa sunan da aka sa mata a kasuwa shi ne Philopon, kalma ce da aka ɗauko daga harshen Girka, ma'anarta “son aiki”. Mai karatu ya dubi wannan suna da kyau. Sojoji da ma'aikatan masana'antu aka riƙa ba wa, da yaƙi ya ƙare sauran ta kwarara kasuwa, ƙasar ta cika da masu taɓin hankali, har dole gwamnati ta kafa dokar hana ta a 1951. A 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin magungunan da yarjejeniyar Biyana ta ɗaure.

Mu a Afirka ta Yamma mun daɗe muna jin ta daga nesa. Abin ya matso kusa ne a 2011, lokacin da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya, NDLEA, ta gano wurin dafa ta na farko a Legas. A 2012 aka sake gano wani a Legas ɗin, aka kama 'yan ƙasar Bolibiya 3 a ciki. A watan Maris na 2016 aka bankaɗo wata babbar masana'anta a Asaba ta Jihar Delta, tare da 'yan Meziko 4 da aka ɗauko musamman don su koyar da sana'ar. A watan Yuli na 2022 aka sake samun wani wurin a cikin rukunin gidajen masu hannu da shuni a Lekki ta Legas, inda aka kwashe fiye da kilo 250, da wani a Nise kusa da Awka. Ka ga ke nan ba a daji kawai ake dafa ta ba, har a gidan da mutane ke kwana da iyalansu. Masana sun ƙiyasta cewa kowane kilo ɗaya yana barin kilo 5 zuwa 6 na dagwalo mai guba, wanda ake zubarwa a kwata ko a rami, ya bi ƙasa ya tarar da rijiyar maƙwabci.

Da farko ba don mu ake dafa ta ba. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da manyan laifuka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kasuwarta tana Gabashin Asiya ne, Japan da Malesiya da Tailan da maƙwabtansu, inda kuɗin kilo ɗaya yake ninka na nan sau da yawa, kuma 'yan aike ne suke ɗaukarta ta filayen jiragen saman yankinmu. Amma mu jikokin fatake ne, mun san cewa duk inda ayarin goro ya yada zango sai goro ya zauna a garin. Dillali yana biyan yaransa da kaya maimakon kuɗi, su kuma dole su nemi masu saye a unguwa. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka sha wata ƙwaya a cikin shekara guda, daga cikinsu kimanin 89,000 metamfetamin suke sha, kuma cikin kowane mashaya 4, ɗaya mace ce. Wannan adadi na 89,000 ƙarami ne a lokacin. Shekara uku bayan haka, a 2021, abin ya fashe a ƙasar Inyamurai, har Majalisar Wakilai a Abuja ta tattauna a kansa a watan Nuwamba, garuruwa suka shiga ɗaure samari a jikin turaku suna yi musu bulala a bainar jama'a. Daga baya sunan ais ya fara yawo a bakin matasan Kano da Kaduna da Abuja.

Tsakanin Legas da Lome bai kai kilomita 300 ba. Motar da ta tashi da safe ta bi ta Kwatano da Hillacondji da Aného, kafin dare tana nan. Aflao ga ta a bakin gari, hanyar Cinkassé kuma ta miƙe har arewa. Hukumominmu ba su kwanta ba: akwai doka mai lamba 98-008 ta ranar 18 ga Maris 1998 a kan miyagun ƙwayoyi, akwai ofishin OCRTIDB mai farautar masu fataucinsu, akwai kwamitin ƙasa na CNAD, kuma an saba ƙona abin da aka kama a wajen ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da ƙwaya ta duniya. Sai dai jandarma ba ya kwana a ɗakin yaronka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba sai an gaya maka abin yi ba.

Bari mu ɗan ratse, tunda mun ambaci 'yan aike. Al'adarmu ce mai tafiya ya karɓi saƙo, wanda ya ƙi ma a ce ba shi da zumunci. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba da ta tashi daga Kano zuwa Umra, saboda an sami tiramol a wata jaka da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Ta yi wata 4 a tsare a Saudiyya kafin gaskiya ta bayyana a sake ta a 2019. Ita ta yi sa'a. A Saudiyya da Singafo da Indunusiya hukuncin fataucin ƙwaya yana kaiwa ga kisa. Don haka alhazanmu da 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Sin, kada kunya ta hana ku buɗe duk ƙunshin da aka ba ku a gaban mai shi. Samarin da ake yi wa tayin tikiti kyauta da aiki a Asiya kuwa, su tambayi kansu me ya sa baƙo zai kashe musu wannan kuɗi.

Bashin da jiki yake biya

A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani sinadari da likitoci ke kira dofamin. Shi ne yake sa mutum ya ji daɗi idan ya ci abinci bayan yunwa, ko ya ga ɗansa, ko ya gama aiki mai wuya. Allah Ya tsara shi yana fitowa kaɗan-kaɗan, gwargwadon buƙata. Metamfetamin fasa rumbun take yi, ta zubo da shi gaba ɗaya, ta kuma hana a mayar da shi ma'ajiyarsa. Mai sha sai ya ji kamar babu gajiya a duniya, babu yunwa, babu tsoro, bakinsa ya buɗe, ya ga kansa ya fi kowa wayo. Hodar ibilis tana sakin mai ita cikin kamar awa ɗaya, wannan kuwa tana riƙe shi awa 8 zuwa 12, wani lokaci fiye. To a nan yaudarar take. Ƙwayar ba ta kawo wani ƙarfi daga waje ba, ƙarfin gobe da na jibi ta kwaso ta ba shi yau. Bashi ne, kuma da ruwa.

Idan ta sake shi, rumbu ya zama fanko. Sai kasala da ƙuncin rai su rufe shi, abinci ba daɗi, hira ba daɗi, har wasu su fara tunanin kashe kansu. Hanya mafi sauƙi ta fita daga wannan rami ita ce ya ƙara sha, kuma abin da ya ishe shi a watan jiya ba zai ishe shi a wannan wata ba. Yaron Hajiya ya fara ne don ya biya kuɗin babur, daga baya ya koma yana tuƙa babur don ya biya kuɗin ƙanƙara. Madubin babur ya tafi, wayarsa ta tafi, tukunyar gas ta gidan ma wata rana aka neme ta aka rasa.

Jiki yana nuna alama ga mai lura. Rama ce ta farko, mai sauri. Baki yana bushewa, mai sha yana cizon haƙora ko a farke, ga yawan shan lemun kwalba, sai haƙora su fara ruɓewa daga gindi suna karyewa. Wasu suna jin kamar ƙwari na tafiya a ƙarƙashin fatarsu, su yi ta tsaga da farce har hannu da fuska su cika da gyambo. Ƙwayar ido tana buɗewa, zufa tana karyowa ko ana sanyi. A ciki kuwa zuciya tana gudu fiye da ƙima, jini yana hawa, har saurayi ɗan shekara 25 ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya irin na tsofaffi. Akwai waɗanda zafin jiki yake hau musu har ƙoda ta tsaya. Ƙwayar tana tayar da sha'awa tana kuma kawar da kunya, ga masu allura suna karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, ta nan cutar sida da ciwon hanta suke shiga, su bi miji har ɗakin matarsa wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Mace mai ciki idan tana sha, tana iya haihuwar bakwaini ko ɗa maras nauyi, ko mabiyiya ta rabu da mahaifa kafin lokaci. Wanda ya kwana uku bai yi barci ba kuma ya hau babur ko ya riƙe sitiyarin tirela a hanyar Atakpamé, ba ransa kaɗai ya ɗauka a hannu ba.

Amma abin da ya fi rusa gida shi ne taɓin hankali. Da zargi yake farawa. Mai sha yana ganin ana binsa, ana yi da shi, matarsa tana cin amanarsa, uwarsa ta haɗa baki da maƙiya. Daga nan sai jin muryoyi da gane-gane. A wurinsa duk wannan gaskiya ce tsagwaronta, shi ya sa yake kwana da wuƙa a ƙarƙashin matashi, kuma wanda ya fi kusa da shi, shi ya fi shiga haɗari. Ga mafi yawa wannan hali yana lafawa cikin kwanaki ko makonni bayan an daina sha, ga wasu yana daɗewa, kuma yana iya dawowa da zarar an koma, ko da sau ɗaya ne.

Mun ji wasu samari suna kafa hujja cewa wannan ba maye ba ne, tunda ba ta bugar da mutum, wartsakar da shi ma take yi. Wannan magana ba ta da ƙafa. Malamai sun daɗe da bayyana cewa hanin da ya zo a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida bai tsaya a kan giya kaɗai ba, ya haɗa duk abin da yake lulluɓe hankali, kuma hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Wanda ya dubi mahaifiyarsa ya ga 'yar leƙen asiri, ina hankalin da ya rage masa, ko da tafiyarsa a miƙe take?

Kurakuran da muke yi a gida

Mu a zango muna da sutura, kuma sutura abu ne mai kyau. Amma sau da yawa ita take zame mana tarko. Hajiya ta yi wata biyu tana ɓoye wa ƙanin mijinta, wanda shi ne uba a gidan tun rasuwar maigida, don kada a ce ɗanta ɗan ƙwaya ne, kada a ƙi auren ƙannensa mata. Cikin wata biyun nan ne babur ya koma hannun mai shi, kuɗin da aka riga aka biya suka bi ruwa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Kuskure na biyu shi ne mu ce aljanu ne ko sammu, mu tsaya a nan. Ba mu hana addu'a ba, wa ya isa? A yi ruƙiya, a yi sadaka, a sa liman ya sa baki. Amma a yi su a kan hanyar asibiti, kada su zama madadinsa. Wasu kuma sukan ce a yi masa aure zai natsu. Wannan zalunci ne ga 'yar mutane, wadda za a rufe a ɗaki ɗaya da mai zargin inuwarsa. Wasu sukan tura shi gida, Sakkwato ko Maraɗi ko Dogonduci, wai ya yi nisa da abokai, alhali ba a gaya wa waɗanda za su karɓe shi gaskiyar abin da ke damunsa ba.

Sai kuma bulala da mari. Mun fahimci uban da haƙurinsa ya ƙare, mun kuma fahimci garuruwan da suka ɗaure samarinsu a 2021 saboda sun rasa mafita. Amma duka ba ya mayar da abin da ƙwaya ta kwashe daga ƙwaƙwalwa, kuma mai zargin ana son halaka shi, idan aka ɗaure shi an tabbatar masa da zarginsa ke nan. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka sake samun irinsa a Daura da Katsina. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi musu.

To me ya kamata a yi? Da farko a lura da barci, domin shi ne ba ya ƙarya: kwanaki a farke, sannan kwanaki a kwance. A lura da rama da ƙin abinci, da ɓacewar kaya, da 'yar kwalba ko ƙwan fitila da aka fasa gindinsa ya yi baƙi, da takardar alminiyom mai tabon wuta. Idan an tabbatar, kada a tare shi yana cikin ganiyarta. A bari sai ya yi barcinsa ya farka ya ci abinci, sannan mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu su zauna da shi a keɓe, ba taron dangi ba. Idan kuwa ya riga ya fara jin muryoyi, kada a yi gardama da shi a kan abin da yake gani, kada kuma a gaskata masa. A yi magana a hankali, a kawar da wuƙaƙe da adduna, a fitar da yara daga gidan, a nemi maza masu natsuwa su raka shi wurin likita. Ciwon ƙirji, ko jiki ya yi zafi kamar garwashi, ko farfaɗiya, ko baki ya karkace, waɗannan ba a jiran gari ya waye, sai a nufi asibiti nan take, ana shafa masa ruwan sanyi a hanya, kuma a gaya wa likita ainihin abin da ya sha.

Wuraren zuwa suna nan. A Lome akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin CHU Campus, akwai cibiyar kula da masu shaye-shaye ta CEPIAK a Kodjoviakopé, a Aného kuma akwai asibitin Zébé. Mun san sunan Zébé kaɗai yana sa wasu iyaye su ja da baya, kamar wanda ya shiga ba ya fitowa. Ana fitowa. Sai dai kada a yi zaton akwai wata allura guda da za ta wanke jini a huta. Har yau babu maganin da aka tabbatar musamman don cire sha'awar metamfetamin. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2021, inda aka haɗa magunguna biyu, naltirekzon da bufurofiyon, ya taimaki kimanin mutum 14 cikin 100, alhali cikin waɗanda ba a ba su ba bai kai 3 cikin 100 ba. Ci gaba ne, amma kaɗan. Likita yana iya kwantar da taɓin hankalin, ya daidaita barci, ya duba zuciya da jini. Sauran aikin na zama ne da mai ba da shawara a kai a kai, da sauya abokai da hanyar da ake bi. Abin da bincike ya nuna ya fi tasiri kuwa zai ba mai karatu mamaki saboda sauƙinsa: a riƙa gwada fitsarin mai jinya, duk lokacin da aka same shi da tsabta a ba shi wata 'yar kyauta nan take, kyautar tana ƙaruwa yadda makonni suke ƙaruwa. Ƙwaƙwalwar da ta manta daɗin ƙananan abubuwa ake koya wa daga farko. Hotunan ƙwaƙwalwa da likita Nora Volkow da abokan aikinta suka buga a 2001 sun nuna cewa bayan fiye da shekara guda da dainawa, wani ɓangare mai yawa na abin da ya lalace yana farfaɗowa. Shekara ake magana, ba mako ba, kuma zamewa sau ɗaya ko biyu a tsakani ba ya nufin an yi asarar wahala.

Akwai kuma rabonmu mu manya. Mai babur da ya yanka wa yaro kuɗin da ba za a iya samu ba sai an haɗa dare da rana, da mai mota da yake buga wa direba waya yana cewa lallai gobe kaya su kwana a Cinkassé, da uban da ba ya tambayar inda kuɗi suka fito muddin sun shigo, duk suna da hannu a cikin cinikin dillalin ƙanƙara ko da ba su taɓa ganinta ba. Wannan magana ce da ta kamata sarakunan zango da limamai da shugabannin 'yan zemijan, daga nan Adakpamé har Agoè-Zongo, su zauna a kanta da masu ba da babura haya.

Daga ƙarshe Hajiya ta je ta durƙusa gaban ƙanin mijinta ta faɗa masa komai. Ta ce ta zaci zai yi faɗa, sai ya yi shiru, can ya ce: “Yaya, da kin faɗa mini tun watan azumi.” Washegari shi da limamin masallacinsu suka ɗauki yaron a tasi zuwa Aného. Ya yi makonni a can. Bayan ya dawo ya zame sau ɗaya, lokacin bikin wani aboki, aka sake mayar da shi wurin likita ba tare da an tara masa jama'a ba. Yanzu wata 9 ke nan. Yana tsaron shagon baffansa da rana, ba a ba shi babur ba tukuna, haƙora biyu sun tafi, kuma har yanzu yakan yi shiru na tsawon lokaci yana kallon ƙasa. Hajiya ta ce ta koma tashinsa sallar asuba da kyar kamar da, sai ta buga ƙofa sau uku kafin ya amsa.